Babi na Huɗu: Inda Aska Ta Fi Ciwo

Hausawa na cewa wanzami ba ya son jarfa. An fi jefa wannan magana ga mutumin da ke yi wa jama'a abin da shi ba zai iya ɗauka ba, amma akwai ilimi a ƙarƙashinta. Wanda ya tsufa yana tsaga fatar mutane ya fi kowa sanin zafin aska, ya kuma san ba ko'ina zafin yake ɗaya ba. Ka zauna da dattijon wanzami a Safana ko Runka ko Ruma, ka ce, "Baba, a ina mutane suka fi zabura?" Ba zai yi dogon tunani ba. Zai taɓa gefen bakinsa, ya taɓa ƙasan ido, sa'an nan ya shafa haƙarƙari. Ka tambaye shi inda aiki ya fi zuwa da sauƙi, sai ya daki dantse, ko ya nuna maka faɗin baya, inda ake kafa wa mutum ƙaho yana ta cinikin gero da na kusa da shi.

Masu zanen jiki da inji a Landan ko Legas, waɗanda ko sunan Safana ba su taɓa ji ba, in ka yi musu wannan tambaya kusan amsar da za su ba ka ke nan. Fatar ɗan Adam ɗaya ce, da aska aka zo mata ko da allura. Akwai dalilin da ya sa wani wuri ya fi wani ciwo, kuma sanin dalilin ya shafe mu ƙwarai, domin mafi yawan waɗanda muke tsagawa ba su kai ga iya magana ba.

A ƙasarmu tsaga ta kasu uku, kowace da inda take sauka a jiki. Akwai ta gado, wadda ake yi wa jariri a fuska, yawanci ranar suna: bille, 'yan baka, fashin goshi, ko irin ta Gobirawa mai shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗaya. Akwai ta magani, wadda ke bin ciwo duk inda ya sauka. Sai ta ado, su jarfa da shasshawa da kalangu, wadda 'yan mata ke kai kansu a yi musu. Wannan ta ukun ita ce 'yar'uwar abin da ake yi yau da inji, domin launin ake nema, ba tabon kaɗai ba. Wanzami ya yi ƙananan tsaga a jere, marasa zurfi, ya goga musu baƙin tukunya ko dakakken gawayi ko shuni. Idan wurin ya warke sai zanen ya fito baƙi mai ɗan shuɗi-shuɗi, ya zauna har kushewa.

Kada mai karatu ya ɗauka kakanninmu rashin tausayi ne ya sa su tsaga 'ya'yansu. Wannan yanki na yammacin Katsina yana da dalilinsa. Bayan da birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunan da aka kora suka je suka kafa Maraɗi, kusan duk ƙarni na 19 ya ƙare cikin hari da ramuwar hari. Dajin Rugu da ƙasar Ruma suna kan hanyar mahaya, a nan ne ma mayaƙin nan Ɗanwaire ya yi sunan da har yau ake tunawa. A irin wannan zamani yaron da aka ɗauke yana ɗan shekara biyar zai manta sunan garinsu, zai iya manta sunan ubansa, amma fuskarsa ba ta mantuwa. Bayan shekara ashirin wani fatake zai gan shi a kasuwa mai nisa ya ce wannan namu ne, a nemi fansarsa. Uban da ya miƙa jaririnsa ga wanzami a lokacin ya auna zafin minti kaɗan da ɓatan har abada, ya zaɓi zafin. Turawa sun shigo Katsina a 1903, harin kamun bayi ya mutu, tsagar kuwa ta ci gaba da tafiya bayan dalilinta ya tsaya.

To, mene ne ke faruwa a fata sa'ad da kaifi ya taɓa ta? Fata ninki biyu ce. Na sama siriri ne, ba jijiyar jini a cikinsa, kuma kullum yana saɓulewa yana sabuntawa, cikin kamar wata guda ya canza gaba ɗaya. Lalle a matacciyar fatar da ke can sama yake kamawa, shi ya sa amarya ke kwana da ƙunshi ba ta jin komai, shi ya sa kuma bayan mako biyu ko uku ya gushe. Ninki na ƙasa shi ne mai jini, mai saiwar gashi, mai ɗimbin bakin jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Duk launin da ake so ya dawwama dole a kai shi nan, zurfin milimita 1 zuwa 2. Ba wata dabarar da za ta ba ka zane mai ɗorewa ba tare da ta ratsa inda ciwo yake ba.

Saƙon zafin ma ta hanya biyu yake tafiya. Duk wanda ya taɓa taka ƙaya a gona ya san wannan: da farko wani tsini mai kaifi da zai sa ka ɗage ƙafa kafin ka san me ya faru, bayan ɗan lokaci kuma sai raɗaɗi ya biyo, mai zugi, mai daɗewa. Na farkon yana bin jijiyoyi masu sauri, da ke gudun mita 5 zuwa 30 a daƙiƙa. Na biyun yana bin wasu sirara masu nawa, waɗanda ba su wuce mita 2 a daƙiƙa. Askar wanzami mai kaifi, a hannun gwani, kusan duk zafinta na farkon ne, kafin ka ce wayyo an wuce. Goga gawayi a cikin ɗanyen rauni shi ke tayar da na biyun, kuma tsofaffin da aka yi wa jarfa sun fi tuna wannan.

Waɗannan jijiyoyi ba a raba su daidai a jiki ba. Tun cikin shekarun 1830 wani masani Bajamushe, Ernst Weber, ya gwada abin da kai ma za ka iya gwadawa yau da tsinken tsintsiya biyu. Ka sa wani ya rufe ido, ka taɓa shi da bakin tsinkayen a tare. A kan ɗan yatsa ko leɓe, ko tazarar milimita 2 ko 3 ce tsakaninsu zai ce maka biyu ne. A tsakiyar baya sai ka buɗa su kusan santimita 4 yana rantsuwa ɗaya ne. Bayan shekara ɗari, a 1937, likitan ƙwaƙwalwa Wilder Penfield a Kanada ya nuna cewa filin da ƙwaƙwalwa ta ware wa leɓe da fuska da hannu ya fi wanda ta ware wa baya da cinya nesa ba kusa ba. Wannan duk a kan taɓawa ne. A kan zafi kansa, masu bincike a Landan sun yi irin gwajin a 2014 da hasken lesa, suka tarar goshi da kan yatsu sun fi ko'ina iya tantance takamaiman inda zafi ya sauka.

A shekarar nan ta 2014 kuma wani ɗalibi a Jami'ar Cornell ta Amurka, Michael Smith, ya wallafa yadda ya sa ƙudan zuma suka harbe shi a wurare 25 na jikinsa, yana ba kowane harbi maki daga 1 zuwa 10. Mutum ɗaya ne, jiki ɗaya, amma abin da ya samu ya yi daidai da abin da masu ɗebe zuma a dajin Rugu za su faɗa maka. Ƙofar hanci ta ci 9, leɓen sama 8.7. Dantse kuwa, da ƙoƙon kai, da kan yatsan ƙafa na tsakiya, 2.3 kacal. Dafi ɗaya, ƙudan iri ɗaya, amma zafin ya kusa ninkawa huɗu daga wani wuri zuwa wani.

Yanzu ka dubi inda muke sa aska. 'Yan baka a gefen leɓe suke. Bille daga gefen hanci yake gangarowa kunci. Fashin goshi a goshi. Jarfar 'yan mata ta fi yawa a ƙasan ido, da tsakanin ido da kunne, da haɓa, alhali fatar da ke kewaye da ido ita ce mafi siranta a jikin mutum, a kan fatar idon ma ba ta fi rabin milimita ba sosai. Dalilin zaɓen fuska a bayyane yake, ita ake gani. Amma wurin da aka fi gani shi ne kuma wurin da ya fi ji.

Wata tsohuwa a ƙasar Batsari, wadda jarfarta ta dusashe ta shige cikin tamoji, ta kwatanta mini yadda ake yi a zamanin 'yanmatancinsu. Ranar kasuwa suke haɗuwa, sa'o'in juna, kowace da 'yan kuɗinta na talla. Wanzami ya shimfiɗa buzu a inuwa, ya buɗe zabira, ya wasa 'yar askarsa. Yarinya ta kwanta ta ɗora kai a cinyar ƙawarta, ƙawar ta riƙe mata haɓa. Na ce, "Inna, ba ku kuka?" Ta ce, "Ɗana, wa za ta yi kuka sa'o'inta na kallo? Sai dai hawaye su zubo da kansu, ka ce hayaƙi ne. Na kunci da sauƙi. Na nan," ta taɓa ƙasan idonta, "shi ne kake jin kamar har cikin haƙori." Ta yi shiru, sa'an nan ta nuna ƙashin ƙirjinta ta saman zane, ta ce na nan ne ta kasa bari a ƙarasa. Maganar haƙorin ba ƙari ta yi ba. Jijiya guda ce mai rassa uku ke ɗauko ji daga fuska, kuma reshen da ke kula da ƙasan ido shi ne ke kula da haƙoran sama da leɓen sama.

A wasu wuraren an fi mu nisa. Bararoji a Nijar na yin zane a gefen baki da gefen ido, matan Fulani a Mali kuwa har leɓe da kewayen baki suke sa a yi ta soka da allura ana cusa baƙi, bakin ya kumbura kwana da kwanaki, abinci ma sai mai ruwa. Ana yin haka ne da sanin zafinsa, domin jure shi ma wani ɓangare ne na abin da ake nunawa.

Batun ƙirjin tsohuwar nan ya kai mu ga abu na biyu da ke ƙara ciwo, wato ƙashi. Kowane ƙashi yana lulluɓe da wani siririn tantani mai cike da jijiyoyin zafi. Shi ne ke sa ka durƙushe idan ka bugi ƙwauri da turmi, alhali irin bugun nan a cinya ko tsayawa ba za ka yi ba. Inda tsoka da kitse suka yi kauri, suna tare matsi kafin ya kai ga tantanin. Inda fata ke kwance kai tsaye a kan ƙashi, ba abin da ke tarewa: haƙarƙari, ƙashin ƙirji, gadon baya, ƙwauri, idon sawu, ƙoƙon gwiwa, gwiwar hannu, bayan yatsu. A nan ne injin zamani ya fi aska azaba. Tun 1891 da Samuel O'Reilly ya yi wa injinsa rajista a New York, bisa wani alƙalamin lantarki na Thomas Edison, aikin iri ɗaya ne: allura tana shiga tana fita daga sau 50 har zuwa 3,000 a minti. A kan tsoka, mutum na jin kamar ana karce shi da abu mai zafi. A kan ƙashi sai girgizar ta shiga ƙashin ta yaɗu. Wannan ne ya sa ƙoƙon kai, wanda harbin zuma bai dame shi ba, yake cikin wuraren da masu zanen inji ke tsoro. Haƙarƙari kuwa ya haɗa uku: fata siririya, ƙashi a ƙasa, ga numfashi da ba ya barin wurin ya tsaya cik.

Sai lungunan jiki, inda fata ke da laushi kuma manyan jijiyoyi ke ratsawa kusa da sama: hammata, matsematsi, bayan gwiwa, cikin dantse ta wajen ƙirji, wuya. Hammata da yawa daga masu sana'ar sukan ƙi taɓa ta ga wanda bai saba ba. Tafin hannu da tafin ƙafa fatarsu mai kauri ce amma cike da jijiya, sai an danna sosai, ga shi launin ba ya zama. Wuraren sauƙi ba su da yawa: bayan dantse, gefen cinya na waje, sha-raɓa, kafaɗa, faɗin baya nesa da ƙashi. Ba banza ba ma'aikatan lafiya ke yi wa babba allura a dantse, jariri kuwa a gefen cinya.

Lokaci ma yana da nasa. Fatar da aka ji wa rauni tana kumbura, tana fitar da sinadaran da ke ƙara wa jijiyoyi saurin ji, har ta kai shafa kawai na da ciwo. Saboda haka awa ta uku a ƙarƙashin inji ba ɗaya take da ta farko ba, ko da a dantse ne. Rashin barci, yunwa da fargaba duk suna ƙara zafi. Hira da ɗauke hankali suna rage shi. Wanzaman da ke jan mutum da labari suna aiki sun san abin da suke yi.

Mu kuma mutane ne masu girmama dauriya. Ana koya wa yaro tun a ɗakin kaciya cewa namiji ba ya kuka. A filin sharo saurayin Bafillace zai ɗaga hannu, a zuba masa tsumagiya a haƙarƙari, ɗaya daga cikin wuraren da muka ce sun fi ciwo, yana duba madubi yana murmushi. Ina ganin girman wannan hali, domin shi ke riƙe da mutanen karkara a shekarun wahala. Amma ya jawo mana wani kuskure: mun saba auna ciwo da kuka, har muka ɗauka wanda bai faɗa ba bai ji ba. Saurayin sharo ya ji komai, ya zaɓi ya ɓoye. Budurwar jarfa ta ji, ta zaɓi ta daure don abin da take so. Su biyun sun san abin da suka shiga.

Jariri ɗan kwana bakwai bai zaɓi komai ba. Da hantsi ranar suna, bayan an watse daga addu'a an yanka rago, wanzami zai zauna a tabarma, wata tsohuwa ta ɗora jaririn a cinya ta tallafe kansa. A jiƙa gashi a yi askin suna, wannan ba laifi. Sa'an nan a matse ɗan kuncin nan tsakanin yatsa biyu. Wanda ya tsaya kusa zai ga abin da na nesa ba ya gani: kafin kukan ya fito akwai wani ɗan lokaci da bakin ke buɗe ba sauti, fuskar ta tattare, 'yan yatsun su baje, ƙafafun su miƙe. Sai kukan ya ɓarke. Mata su ce, "Yi haƙuri, an gama, an gama." Mai jego tana ɗaki, in ɗan fari ne kunya ma ba za ta bar ta ta leƙo ba. Kowa a gidan yana ƙaunar yaron nan, kuma kowa ya yarda da magana ɗaya: gara a yi masa yanzu, bai san zafi ba.

Ba mu kaɗai muka yi wannan zato ba. Har cikin shekarun 1980 manyan asibitocin Turai da Amurka na yi wa jarirai tiyata da ɗan abin kashe zafi kaɗan, wani lokaci ba komai sai maganin hana motsi, bisa imanin cewa jijiyoyinsu ba su nuna ba. A 1987 likita Kanwaljeet Anand da abokan aikinsa suka nuna cewa bakwainin da aka ba maganin kashe zafi mai ƙarfi lokacin tiyata sun fi waɗanda ba a ba su ba samun sauƙi bayan aiki. A 1997 Anna Taddio a Toronto ta gano cewa yaran da aka yi wa kaciya suna jarirai ba tare da an kashe wurin ba sun fi sauran nuna jin zafi ranar allurar riga-kafi, wata huɗu zuwa shida bayan haka. Yaron bai tuna ba, jikinsa ya tuna. A 2015 kuma aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar jarirai a Oxford ana ɗan tsikarar tafin ƙafarsu: cikin sassa 20 da ke motsawa a ƙwaƙwalwar babba idan ya ji zafi, 18 sun motsa a tasu. Abin da bai gama ginuwa ba a jikin jariri shi ne hanyar da ƙwaƙwalwa ke bi ta danne zafi. Wato hanyar jin ciwo a buɗe take, ta rage shi ce ba ta kammala ba. Fatarsa kuma ta fi ta babba siranta. Idan aka haɗa wannan da abin da muka gani game da gefen baki da goshi, hukuncin a fili yake: muna sa aska a wurin da ya fi ciwo, a jikin wanda ya fi kowa rashin kariya.

Addini da doka sun riga sun yi magana. Hadisai a Bukhari da Muslim sun tsine wa mai yin zanen da ake cusa launi a fata da wadda ta nemi a yi mata, an kuma hana yi wa ko dabba lalas a fuska. Wa'azin malamai, tare da makarantar boko da zuwa birni, shi ya sa yau za ka shiga aji a Safana ka ƙirga masu tsagar gado da yatsun hannu, alhali kakanninsu kusan kowa na da ita. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, a sashe na 24, ta haramta yi wa yaro zane ko tsaga, da tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba ko ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba. Ƙaho dai sunna ne, kuma ga shi a faɗin baya da ƙeya aka fi kafa shi, a jikin babban da ya kai kansa.

Wadda ba ta ja da baya ba ita ce tsagar magani, kuma ita ta fi damuna. Tsohuwar al'ada ce a duniya. Gawar wani mutum da aka tsinta cikin ƙanƙara a tsaunukan iyakar Italiya da Ostiriya a 1991, wanda ya rayu shekara 5,300 da suka wuce, tana ɗauke da zane 61, gajerun layuka da aka cusa wa baƙin gawayi, mafi yawansu a ƙugu da gwiwa da idon sawu, inda gaɓoɓinsa suka nuna alamar lalacewa. Duk wanda ya ga gwiwar tsoho a ƙauyenmu zai gane aikin. Kuma sauƙin da mutane ke cewa sun samu ba ƙarya ba ne. Tun 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka bayyana cewa saƙonnin jiki na gogayya da juna a lakar baya kafin su kai ƙwaƙwalwa, daga baya kuma aka tabbatar sabon zafi mai kaifi na iya danne tsohon ciwo na ɗan lokaci. Dattijon da aka tsaga wa gwiwa zai iya tashi ya taka. Abin da ke cin gwiwar yana nan.

Ga dattijo wannan zaɓinsa ne. Ga yaro kuwa abin na iya zama ajali. Yaro na numfashi da sauri, ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki, jiki zafi rau, sai a ce haƙarƙari ne, a kira wanzami ya jera masa tsaga a kan ƙasusuwan da ko babba ba ya jurewa. Ciwon a cikin huhu yake, maganinsa na nan a asibiti, kuma kwana biyun da aka ɓata ana jiran tsaga ta yi aiki su ne kwana biyun da suka fi tsada. Haka saifar da zazzabin cizon sauro ko sikila ya kumbura, a tsattsaga gefen cikin hagu, a zubar da jinin yaron da dama jinin ne ya yi masa ƙaranci. Na san abin da ke sa iyaye yin haka. Tun wajen 2019 da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a Batsari da Safana, akwai ƙauyukan da fita da dare zuwa Dutsin-ma ko Batsari sayar da rai ne, ga kuɗin mota, ga na magani. Wanzami kuwa yana nan cikin gari, ya san kowa, yana karɓar abin da ya sawwaƙa. Shi ya sa nake ganin wanzamai, tun daga Sarkin Aska har yaransa, su ya kamata a fara koya wa alamomin nan, domin su ake fara kira. Wanzamin da ya kalli ƙirjin yaro ya ce, "Wannan ba na aska ba ne, ku tafi asibiti yanzu," ya yi aikin da likita ba zai iya yi ba, tunda likita ba ya wurin.

Akwai kuma ciwon da ke zuwa bayan rauni ya rufe. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu, wanda ke ci gaba da girma ya wuce inda aka yanka, yana ƙaiƙayi yana zugi shekara da shekaru. Ya fi son tsakiyar ƙirji, kafaɗa, saman baya, muƙamuƙi da leɓatun kunne, har da kafaɗar da muka lissafa cikin wuraren sauƙi. Sai abin da ido ba ya gani. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Ƙwayar na iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini a jikin ƙarfe, goge aska da tsumma ba ya kashe ta. Babban da ya kamu, mafi yawan lokuta jikinsa na korar ta. Jaririn da ya kamu, 9 cikin 10 ta zauna ke nan, ta yi ta cin hanta a ɓoye sai ya zama magidanci. Gawayi ko toka ko ƙasa a cikin rauni kuma hanya ce ta cutar da ke sandarar da jiki ta sarƙe haƙora.

Samarin da ke ganin zanen 'yan ƙwallo a waya suna sha'awa, har wasu su je birni a yi musu a ɓoye ƙarƙashin riga, su sani shiga ta fi fita sauƙi. Goge zanen da hasken lesa na ɗaukar zama da yawa, makonni tsakanin kowane zama, yana da tsada, da yawa sun ce ya fi yinsa ciwo, kuma a baƙar fata yakan bar wurin ya yi fari ko ya ƙara duhu. Sanarwar ɗaukar sabbin sojoji ma tana sharɗanta kada a ga zane a jikin mai nema.

Kai kuma maigida da matarka ke da tsohon ciki, shawara a hannunka take, kuma tun kafin ranar suna ake yanke ta. Ka sami iyayenka cikin ladabi ka faɗa musu ba za a yi wa wannan jariri tsaga ba. Ka kai shi a yi masa allurar ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa. Ran suna ka sayi sabuwar reza ka miƙa wa wanzami da hannunka, ya yi aski ya tsaya nan. Sa'an nan ka ba shi hatsinsa da kuɗinsa da kasonsa na nama cif, kamar yadda ubanka ya ba ubansa, kada ka rage masa ko kwabo don bai zubar da jini ba.